Wa Ya Biya Kuɗin Fostar?

Aikin ɗab'i nake yi a Garki, nan Abuja, shekara goma sha huɗu ke nan. Katin ɗaurin aure, kalanda, littafin rasit, takardun jarrabawar makarantun Islamiyya, da su muke ci muke sha a sauran lokuta. In kakar zaɓe ta kama kuwa, fosta da bana da riguna masu hoton ɗan takara sai su ture komai gefe. Inji ba ya hucewa, janareto ba ya shiru, yaran shago a kan kwali suke kwana. Saboda haka maganar kuɗin kamfe ba a jarida kaɗai nake karanta ta ba, ta kan teburina take wucewa.

A watan Janairun 2023, lokacin da aka canja fasalin naira har mutane na kwana a bakin ATM saboda dubu biyar, wani bawan Allah ya shigo shagona bayan Magariba. Farar shadda, hula zanna-bukar, yaro na biye da shi riƙe da jaka. Fosta dubu talatin yake so da riguna dubu biyu, na wani mai neman kujerar majalisar wakilai daga wata jiha a Arewa. Na faɗi kuɗi, ko ragi bai nema ba. Yaron ya zazzage jakar a kan tebur, sai ga sababbin kuɗi dami-dami da takardar banki a ƙugunsu, a ranar da ni kaina na kasa samun dubu goma a hannu in ba uwargida na cefane.

Na jawo littafin rasit na ce, "Ranka ya daɗe, sunan wa zan rubuta?"

Ya ce, "Malam, bar wurin haka nan. Taimako ne kawai."

"To, a ƙasan fostar fa? Ɗaukar nauyin wa za a sa?"

"Sa masoyansa."

Na sa masoyansa. Bayan shekara guda da 'yan watanni aka ba ni aikin buga wasu takardu da za a raba a zaman sauraron ra'ayin jama'a a Majalisar Tarayya, na kai da kaina. A bakin ɗakin kwamitin na ci karo da mutumina, wannan karon cikin kwat, da fayil a hammata. Ya zo ne da yawun wasu 'yan kasuwa da ƙudirin ya taɓa harkarsu. A cikin ɗakin kuma, a jerin 'yan kwamiti, ga fuskar da na buga sau dubu talatin. Muka gaisa da mutumin, ya tambaye ni kasuwa, na ce mun gode Allah.

Ban ga an miƙa wa kowa komai ba, kuma ba zan ɗauki alhakin kowa in ce na gani ba. Mai yiwuwa ɗan majalisar ya yi aikinsa tsakani da Allah. Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne mu uku kacal muka san wannan alaƙa: mai bayarwa, mai karɓa, da mai buga fosta. Mutanen mazaɓar da suka sha rana a layi suka kaɗa ƙuri'a, waɗanda dokar za ta hau kansu su da 'ya'yansu, ba wanda ya gaya musu, kuma babu ofishin da za su shiga su buɗe littafi su gani.

Kamun ƙafa a kan kansa ba laifi ba ne, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mai neman aure ma yakan kama ƙafa da gwaggon yarinya. Duk mai buƙata yana da haƙƙin ya je ya faɗa wa masu yin doka abin da ke damunsa. Da gwamnonin Arewa suka tashi tsaye a ƙarshen 2024 kan yadda za a raba harajin VAT a ƙudirorin gyaran haraji, kamun ƙafa suka yi. Da ake dambarwar dokar man fetur a 2021, majalisar wakilai ta ce a ba al'ummomin da ake haƙar mai a ƙasarsu kashi 5, ta dattawa ta ce kashi 3, aka tsaya a 3, kowane ɓangare ya kama ƙafar da hannunsa ya kai. Likitoci suna yi, malaman jami'a suna yi, manoman shinkafa da masu siminti da masu kamfanonin lemo da na taba duk suna yi. Ɗan majalisa ba masanin komai ba ne, dole ya saurari masu abin. Inda gizo ke saƙar shi ne in hannun da ke ƙwanƙwasa ƙofar kwamiti yau shi ne ya biya kuɗin fam da na daliget jiya. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Cin hanci mun san shi, kuma mun tanadar masa kurkuku. Faruk Lawan, wanda ya shugabanci kwamitin binciken tallafin man fetur a 2012, kotu ta kama shi da laifin karɓar dala 500,000 daga Femi Otedola, kuma a 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da ɗaurin shekara biyar. To, a ɗauka irin waɗannan daloli wani ɗan majalisa aka ba wata shida kafin zaɓe da sunan gudummawa, ba a tsakiyar bincike ba. Babu shari'a, babu abin kunya, har godiya za a yi wa mai bayarwa a lasifika, maroƙa su wasa shi. Alhali aikin da kuɗin zai yi a zuciyar mai karɓa ɗaya ne. Mai wayo ba ya jira sai an kafa kwamiti. Tun ana shuka yake zuba takinsa.

Kada wani ya ce ai ba mu da doka. Muna da ita, har ta fi ta wasu ƙasashe tsauri in a takarda ne. Sashe na 221 na tsarin mulkin 1999 ya hana kowace ƙungiya da ba jam'iyya ba ta zuba kuɗi a asusun jam'iyya ko a kamfen ɗin ɗan takara. Sashe na 225 ya ce kuɗin da aka aiko wa jam'iyya daga ƙetare ta miƙa wa hukumar zaɓe cikin kwana 21. Dokar kamfanoni ta 2020 ta haramta wa kamfani ya ba da kyauta ga jam'iyya ko don wata manufa ta siyasa. Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta gindaya iyaka: mai neman shugaban ƙasa kada ya kashe fiye da naira biliyan 5, gwamna biliyan 1, sanata miliyan 100, ɗan majalisar wakilai miliyan 70, kuma kada mutum ɗaya ya ba ɗan takara fiye da miliyan 50. Ta hana jam'iyya karɓar kuɗin da ba a san mai shi ba. Ta ce duk wanda ya ba da sama da miliyan ɗaya a rubuta sunansa da adireshinsa, sannan a kai wa INEC rahoton gudummawa cikin wata uku bayan an bayyana sakamako.

Duk wanda ya taɓa riƙe wa ɗan takara jaka ya san inda waɗannan alƙaluma suka tsaya. A 2022 APC ta sayar da fam ɗin shugaban ƙasa miliyan 100, na gwamna miliyan 50, na sanata miliyan 20, PDP kuma ta sa na shugaban ƙasa miliyan 40. Wannan kuɗin shiga fili ne kawai, ba a fara wasa ba. Wanda ke son jin abin da aka kashe a makon da PDP ta yi fitar da gwani a filin wasa na Moshood Abiola, da makon da APC ta yi nata a Eagle Square, ya je ya zauna da 'yan canjin Zone 4 su ba shi labarin yadda dala ta yi wuya. Hukuncin wanda ya ƙetare iyakar kashe kuɗi a dokar ta 2022 kuwa, tarar kashi ɗaya cikin ɗari na iyakar ce, ko ɗaurin da bai wuce wata 12 ba, ko duka biyun. Wato sanata miliyan ɗaya zai biya, kuɗin da bai kai na man motocin rakiyarsa ba. Ni dai har yau ban ji an ɗaure wani babban ɗan takara saboda wannan laifi ba. INEC da kanta ta sha kokawa cewa jam'iyyu da yawa ba sa kawo rahotonsu a kan lokaci.

Wani lokaci ma ba a ɓoyewa. A watan Disambar 2014 aka yi liyafar tara kuɗi ta PDP a fadar shugaban ƙasa, a dare ɗaya aka sanar da sama da naira biliyan 21, a lokacin da iyakar abin da mai neman shugaban ƙasa zai kashe biliyan 1 ce, iyakar gudummawar mutum ɗaya kuma miliyan ɗaya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan dare shi ne yadda aka riƙa kiran kuɗin da sunan sana'a: ɓangaren mai da iskar gas kaza, ɓangaren gine-gine kaza, ɓangaren sufuri da jiragen sama kaza. Su waye ɓangaren mai? Mutane ne masu suna da kamfani, masu jiran lasisi da sassaucin haraji da kuɗin tallafi daga hannun gwamnatin da suke tara wa kuɗin. Da aka yi surutu sai aka ce na jam'iyya ne, ba na ɗan takara ba, maganar ta bi ruwa. A jajiberin zaɓen 2019 kuma duniya ta ga hoton motocin ɗaukar kuɗi na shiga gidan Bola Tinubu a Ikoyi, da aka tambaye shi ya nuna cewa ba kuɗin gwamnati ba ne, nasa ne. Ita ma ta bi ruwa. Cutar ba ta jam'iyya ɗaya ba ce.

Sai kuma salon da ya fi ƙona mini rai, na "ƙungiya ta saya masa fam". A 2018 wata ƙungiya ta biya wa Buhari miliyan 45. A 2022 wasu da suka ce suna magana da yawun makiyaya da almajirai suka saya wa Goodluck Jonathan fam na miliyan 100, ya ce ba da yawunsa ba. Aka sake saya wa Godwin Emefiele, yana kan kujerar gwamnan Babban Banki, aka ce har da manoman shinkafa a masu sayen. Yaron da ke yawo da robar bara a Mararaba ba shi da takalmi, amma an ari sunansa an lulluɓe sunan mai kuɗi. Wannan cin fuska biyu ne: an ɓoye mana gaskiya, kuma da rigarmu aka ɓoye ta. Irin "masoyan" da na buga a ƙasan fosta ke nan, sai dai nasu ya fi nawa tsada.

A ganina ɓarakar a wuri biyu take. Doka ta ɗora nauyin kai rahoto a wuyan jam'iyya, alhali kuɗin gaske ba ta sakatariyar jam'iyya yake bi ba. Hannun ɗan takara yake shiga, ko ya wuce kai tsaye wurin mai buga fosta da mai hayar bas da mai shinkafa da sojojin baka na rediyo. Kuma ko an kai rahoton, bayan zaɓe ne, mai ci ya ci, an rantsar ko ana shirin rantsarwa. Ihu bayan hari. Ɗaya ɓarakar kuwa, babu rajistar masu kamun ƙafa sam. Mutum zai wuni a majalisa yana shiga ofis-ofis a madadin kamfani, babu inda aka rubuta wa ya aiko shi, nawa aka biya shi, wane ƙudiri yake bi. A 2016 Sanata Dino Melaye ya kawo ƙudirin yi musu rajista, ya tsallake karatu na biyu a majalisar dattawa, daga nan bai zama doka ba.

Ga wani abin takaici. A 2018 'yan Najeriya suka ji cewa PDP ta ɗauki hayar wani kamfanin kamun ƙafa a Washington mai suna Ballard Partners a kan dala 90,000 kowane wata. Ba INEC ce ta faɗa mana ba. Dokar Amurka ta 1938 ce ta tilasta wa duk mai yi wa baƙi irin wannan aiki ya ajiye takardar yarjejeniyar a ma'aikatar shari'arsu, kowa ya karanta. Wato in kana son sanin abin da jam'iyyar ƙasarka ta kashe, ya fi maka sauƙi ka leƙa rumbun wata ƙasa a intanet da ka hau mota zuwa hedikwatar INEC a Maitama.

Ba na cewa Amurka wankakkiya ce. Tun hukuncin Kotun Ƙolinsu na 2010 a shari'ar Citizens United kuɗi ke kwarara a siyasarsu kamar ruwan Agusta, wani ma ta hanyoyin da ba a ganin mai shi. Amma akwai abin ɗauka. Wanda ya ba ɗan takarar tarayya sama da dala 200, sunansa da sana'arsa da wurin aikinsa suna fita a shafin hukumar zaɓensu. Tun 1995 mai kamun ƙafa sai ya yi rajista ya faɗi wa yake yi wa aiki. Da asirin wani fitaccen mai kamun ƙafa, Jack Abramoff, ya tonu ya amsa laifi a 2006, sai suka ƙara ɗaure dokar a 2007: mai kamun ƙafa ya riƙa bayyana gudummawar siyasar da ya bayar sau biyu a shekara, kuma in ya bi abokansa ya tara wa ɗan takara kuɗi masu yawa, ɗan takarar ya faɗi sunansa. In an ce Amurka ta yi nisa, ga Afirka ta Kudu. Wata ƙungiyar farar hula ce ta kai ƙara, kotun tsarin mulkinsu ta ce a 2018 sanin masu ba jam'iyyu kuɗi na cikin haƙƙin mai zaɓe. Da dokarsu ta fara aiki a watan Afrilun 2021, a lokacin duk gudummawar da ta haura rand 100,000 sai an bayyana ta, hukumar zaɓe na wallafa sunaye duk wata uku. Ba su gama da matsalar ba, amma ɗan jarida a can yana da takardar da zai riƙe ya yi tambaya.

Na sha yin wannan muhawara a majalisarmu ta bayan Isha'i, kuma akwai hujjoji biyu da nake girmamawa. Wani dattijo yakan ce, "Ai kyauta a ɓoye ta fi lada." Gaskiya ne, in sadaka ce ga mabuƙaci. Mai neman kujerar sanata ba miskini ba ne, kuma mai ba shi miliyan hamsin ba lahira ya aika da ita ba. Addininmu bai bar wannan a duhu ba. Da ma'aikacin zakka ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Shehu Usman Ɗanfodiyo ma, cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su, har da karɓar abin da ake kira gaisuwa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani kuwa a kan rubuta bashi take. Gudummawar ɗan kwangila bashi ce, kuma daga baitulmalinmu za a biya ta. A rubuta.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Wani abokina ɗan kasuwa ya ce mini, "In sunana ya fito na ba ɗan adawa kuɗi, gobe a soke mini takardar fili, a riƙe mini kaya a tashar ruwa, a turo mini masu haraji." Wannan tsoro na gaskiya ne, a ƙasar nan an yi wa mutane haka. Amma wa ake ɓoye wa? Gwamnatin da ke da jami'an tsaro da bayanan bankuna ta riga ta san wanda ya ba abokin hamayyarta kuɗi, tun kafin kuɗin ya huce. Ɗan takara ya sani. Direba ya sani. Mutum ɗaya ne sirrin ke aiki a kansa, mai ƙuri'a. Ƙananan masu bayarwa, malamin makaranta da ya ba da dubu ashirin ko 'yar kasuwar da ta dafa wa ejan abinci, a bar su cikin rufin asirinsu, ba su ne ke juya doka ba. Daga miliyan ɗaya zuwa sama, kamar yadda dokar 2022 ta riga ta yanka, nan ne nake so a ɗaga labule.

Da ni za a tambaya, da na ce a rage ɓata yawu kan iyakar kashe kuɗi, wadda kowa ya san ba a binta, a mai da hankali kan suna. Ɗan takara da kansa, ba jam'iyya kaɗai ba, ya buɗe asusun kamfe guda ɗaya, ya riƙa miƙa jerin manyan masu ba shi tun daga ranar da ya sayi fam, INEC ta sa a shafinta kafin ranar zaɓe, yadda gidajen rediyo za su karanta wa mutanen mazaɓa da harshensu. Duk ƙungiyar da ta ce ita ta saya wa wani fam ta kawo sunayen waɗanda suka haɗa kuɗin. Wanda ake biya don ya yi kamun ƙafa a majalisa ko ma'aikata ya yi rajista, ya faɗi ubangidansa da ƙudirin da yake bi da 'yan siyasar da ya ba kuɗi. Tun 2023 hukumar rajistar kamfanoni ta buɗe kundin masu kamfanoni na haƙiƙa, to a haɗa shi da jerin masu gudummawa da na masu samun kwangila, a ga inda sunaye suka haɗu. Wanda ya ƙi bayyanawa kuma, tara ba ta isa ba, kujerar ya kamata ya rasa. Kwamitin Mai shari'a Muhammadu Uwais ya ba da shawarar kafa hukumar hukunta laifukan zaɓe tun 2008. INEC da ke fama da jigilar akwatuna zuwa rumfuna sama da 176,000 ba za ta iya bin sawun kuɗi ita kaɗai ba.

Za a ce za su zagaye, su ba da tsaba, su sa sunan direba da na ƙanen matar. Wasu za su yi. Amma ƙarya a rubuce tana da wuyar riƙo. Ranar da aka ga sunan maigadi ya ba da miliyan arba'in, an samu bakin zare.

Mu ma masu cin abinci a gefen siyasa muna da namu kason, kuma na ɗauki nawa. Tun bayan abin da na gani a bakin ɗakin kwamitin nan, na daina barin gurbin suna fayau a rasit ɗin aikin siyasa, kuma ba na buga "masoyansa" sai da sunan mutum ko na ƙungiyar da zan iya nuna ofishinta. A zaɓen ƙananan hukumomi na wata jiha da ke maƙwabtaka da mu, mutum biyu sun zo da aiki, da suka ji sharaɗin suka naɗe takardunsu suka tsallaka shagon gaba. Na uku ya yi shiru yana kallon littafin, can ya ce, "Kawo biron." Ya rubuta sunansa da lambar wayarsa, ya ce in ƙara masa fosta ɗari biyar.